Yadda Ake Ɗaukar Bayanai a Waya da Kwamfuta, a Kuma Same Su Ranar Buƙata

Yawancin mutane suna rubutu, inda aka ajiye rubutun ne ke ɓace musu. Wani bayanin yana cikin hotunan waya, an ɗauko shi daga allo ana tsakiyar darasi. Wani yana cikin saƙon da mutum ya tura wa kansa a WhatsApp, wani a bayan wata takarda, wani kuma a shafukan burauza da aka bari a buɗe da niyyar za a dawo a karanta. Ranar da jarrabawa ta ƙarato, ko aka tambayi abin da aka yanke a taron makon jiya, sai a shiga lalube, a ƙarshe a haƙura. Ni ma'aunina ɗaya ne: idan ba ka iya ciro bayanin da ka ajiye cikin minti ɗaya ba, akwai gyara a tsarinka. Duk matakan da zan kawo wannan matsalar suke magani.

Mataki na farko: san irin bayanin da kake ajiyewa

Kafin ka sauke kowace manhaja, duba abubuwan da ka rubuta a makonni biyu da suka wuce. Za ka ga sun kasu uku. Akwai na wucewa, irin lambar waya, adireshi, ko abin da za ka tuna gobe da safe, waɗanda amfaninsu ke ƙarewa cikin kwana biyu. Akwai na aiki, wato bayanan taro, darussan wannan zangon, ko aikin da kake kai yanzu. Sai na ilimi, waɗanda kake so ka tarar da su ko bayan shekara biyar: abin da ka fahimta daga karatu, dabarar sana'a, tunanin da ya zo maka. Wanda ya fi yawa a cikin ukun nan shi zai nuna maka manhajar da ta dace da kai.

Mataki na biyu: zaɓen manhaja

Tambayoyi huɗu nake so ka yi wa kowace manhaja kafin ka ba ta amanar rubutunka. Tana buɗewa idan babu intanet? Tana aiki a duk na'urorin da kake amfani da su, waya da kwamfuta? Idan ka gaji da ita, za ta bar ka ka kwashe kayanka cikin siffar da wata manhajar za ta iya karantawa? Kuma wane ne ke iya ganin abin da ka rubuta?

Ga mai bayanan wucewa, Google Keep ta wadatar. Tun 2013 take, kyauta ce ga duk mai asusun Google, tana buɗewa da sauri, ana yi wa bayani launi da laƙabi, ana sa masa tunatarwa, kuma tana iya ciro rubutun da ke jikin hoto ta mayar da shi rubutun da ake gyarawa. Rauninta shi ne ba a gina ta don dogon rubutu ba, ba ta kuma da folda. Mai iPhone yana da Apple Notes a cikin wayarsa tun daga kamfani, kuma ta fi Keep ɗaukar dogon rubutu, sai dai duk wanda kwamfutarsa ba ta Apple ba ce zai riƙa shiga ta burauza ne.

Ɗalibi da ma'aikacin ofis, OneNote ta Microsoft nake fara nuna musu. An gina ta bisa siffar littafi: akwai littafin, a cikinsa akwai sassa, a cikin kowane sashe akwai shafuka. Kana iya rubutu a ko'ina a shafin, ka zana da hannu, ka manna hoto ko sauti. Bayanan suna zama a OneDrive, ma'ajiyar intanet ta Microsoft, wadda ke ba da gigabait 5 kyauta. Notion kuwa ta fi ƙarfi wajen aikin haɗin gwiwa da tebura masu tacewa, kamar jerin ayyuka da ranar kammala kowanne da wanda aka ɗora wa. Amma ina gargaɗin mutane a kanta, domin tana da daɗin ƙawatawa. Mutum kan ɓata mako yana gyaran shafi, bai rubuta komai ba. Ta kuma fi son intanet mai ƙarfi.

Ga mai tara ilimi na dogon lokaci akwai Obsidian, wadda ta fito a 2020, da Joplin. Abin da ya sa nake girmama Obsidian shi ne kowane bayani fayil ne na rubutu zalla da ke zaune a cikin na'urarka, da tsarin da ake kira Markdown, wanda John Gruber ya fitar a 2004. Ko da kamfanin ya rufe gobe, kowace manhajar rubutu za ta buɗe fayilolinka. Manhajar kyauta ce, amma hidimarsu ta daidaita bayanai tsakanin waya da kwamfuta ta kuɗi ce. Joplin ita ma da Markdown take aiki, kowa na iya duba yadda aka rubuta ta, tana daidaita bayanai ta ma'ajiyoyin intanet irin su Dropbox ko OneDrive ko Nextcloud, kuma tana iya kulle rubutunka ta yadda ko mai ma'ajiyar ba zai iya karantawa ba.

Tambaya ta uku, ta kwashe kaya, ita mutane suka fi yi wa sakaci, alhali ita ce ta fi cizo. Evernote ta daɗe tana kan gaba a wannan fage. Bayan kamfanin Bending Spoons na Italiya ya saye ta, sai a watan Disamba na 2023 aka taƙaita masu amfani da ita kyauta zuwa bayanai 50 da littafi ɗaya. A watan Yuli na 2025 kuma kamfanin Mozilla ya rufe Pocket, manhajar da ɗimbin mutane ke ajiye maƙalolin da za su karanta daga baya, aka ba su 'yan watanni su kwashe nasu. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. Kamfani na iya sauya ƙa'ida ko ya naɗe tabarmarsa duk ranar da ya ga dama, don haka ka gwada ƙofar fita tun ranar da ka shiga.

Ka zaɓi ɗaya a matsayin gida. In ya zama dole, ka ƙara wata ƙarama mai saurin buɗewa don kamun abin da ya zo ba shiri. Kada su wuce haka, kuma ka ba zaɓinka wata uku kafin ka yi tunanin sauyawa.

Mataki na uku: ƙofa ɗaya ta shigowa

Buɗe folda ko laƙabi guda ka sa masa suna "Sabbi". Duk abin da ya zo maka, nan zai fara sauka, ba tare da ka tsaya tunanin inda ya dace da shi ba. Tsayawa tunanin wurin ajiya a daidai lokacin da tunani ya zo shi ke sa a fasa rubutawa. Ka ɗora gajeriyar hanyar manhajar a fuskar wayarka ta yadda taɓawa ɗaya za ta buɗe sabon shafi. A kwamfuta kuma ka liƙa wa burauzarka 'yar manhajar yanko shafi. OneNote da Notion da Joplin da Obsidian duk suna da tasu.

Sharaɗi ɗaya ne a nan, kuma ban yarda a karya shi ba: duk abin da ka yanko ko ka ɗauki hotonsa, ka rubuta layi ɗaya a kansa da bakinka, na dalilin da ya sa ka ajiye shi. "Wannan teburin zai yi mini amfani a babi na biyu." "Hanyar gyara batirin da ke saurin ƙarewa, in gwada." Bayan wata biyu ba za ka tuna dalilin ba, kuma hoton da ba shi da ko kalma ɗaya wuyar nema gare shi.

Mataki na huɗu: rubutun kansa

Nan ne ainihin aikin yake, kuma babu manhajar da za ta yi maka shi.

Fara da take. Take irin "Bayani", "Taro" ko "Darasi na 3" ba ya faɗa wa kowa komai. Rubuta abin da za ka buga a wurin nema ranar da kake cikin sauri: "2025-03-14 Taron kasafi: an ɗage sayen injin zuwa Yuni". Ka lura da yadda aka jera kwanan watan, shekara, sannan wata, sannan rana. Idan ka bi wannan tsari, na'ura za ta jera maka bayanan daga na farko zuwa na ƙarshe da kanta. Bayanin ilimi kuma ka sa masa take mai cikakkiyar magana. "Barci" take ne marar amfani, "Rashin barci yana rage riƙe abin da aka karanta" ya riga ya faɗi rabin abin da ke ciki.

Wani abin lura ga mai rubutu da Hausa: ba kowace manhaja ce ke ɗaukar ƙ da k, ko ɗ da d, a matsayin harafi ɗaya wajen nema ba. Idan yau ka rubuta "ƙasa" gobe ka rubuta "kasa", nema zai iya kawo maka rabi ya bar rabi. Ka sa allon rubutu na Hausa, Gboard, allon rubutun Google, yana da shi, ka tsaya kan salo ɗaya, musamman a take da laƙabi.

Sai batun kwafa. A 2014 Pam Mueller da Daniel Oppenheimer sun wallafa wani bincike da ya nuna ɗaliban da ke rubutu a kwamfuta sun fi kwafe maganar malami kalma da kalma, kuma masu rubutu da hannu sun fi su amsa tambayoyin da ke buƙatar fahimta. Binciken da aka sake yi daga baya bai ga tazarar fahimtar ta fito fili haka ba, amma yawan kwafar masu kwamfuta ya sake bayyana. Darasin da na ɗauka a nan bai shafi alƙalami ko allo ba. Mai saurin bugu yana iya kwashe magana daga kunne zuwa yatsa ba ta bi ta ƙwaƙwalwa ba. Maganinsa shi ne ka saurara har a kai ƙarshen magana, sannan ka rubuta ta da kalmominka, a taƙaice. Inda ka kasa taƙaitawa, nan ne ba ka gane ba, sai ka sa alamar tambaya ka wuce, ka dawo mata daga baya.

Ga darasi ko lacca, tsarin Cornell har yanzu yana aiki. Walter Pauk ne ya tsara shi a Jami'ar Cornell ta Amurka a shekarun 1950. Ana raba shafi uku: babban fili a dama na rubutun da ake yi lokacin darasi, siririn fili a hagu na tambayoyi da muhimman kalmomi, sai 'yan layuka a ƙasa na taƙaitawa. A manhaja, tebur mai gida biyu ya isa. Lokacin darasi ka cika gidan dama kawai. A ranar, kafin ka kwanta, ka karanta abin da ka rubuta, ka mayar da kowane batu tambaya a gidan hagu, ka rubuta taƙaitawa ta jimla uku a ƙasa. Ranar bita sai ka rufe dama, ka amsa tambayoyin hagu da ka. A Notion akwai layin da ke naɗewa ya ɓoye abin da ke ƙarƙashinsa: sa tambaya a sama, amsa a ciki.

Bayanin taro ya fi sauƙi, kuma an fi lalata shi. Ba a buƙatar tarihin wanda ya ce kaza, wane ya mayar masa da kaza. Abu uku ake nema: me aka yanke, wa aka ɗora wa me, zuwa yaushe. Ka yi wa kanka ƙwarangwal guda mai waɗannan kanun, ka riƙa kwafarsa duk taro. Ayyukan da suka faɗo kanka kuma ka fitar da su nan take zuwa kalanda ko jerin ayyukanka, domin aikin da aka bari a tsakiyar bayanin taro mantuwa ce makomarsa.

Idan karatu kake yi, littafi ko maƙala, ka rarrabe maganar marubuci da taka tun a wurin. Abin da ka ciro kai tsaye ka sa shi cikin alamar zance tare da lambar shafi ko adireshin da ka samo shi. Ra'ayinka ka fara shi da wata alama da ka zaɓa, ko da harafin farko na sunanka ne. Mutane da yawa sun faɗa satar fasaha ba da niyya ba, saboda bayan wata shida sun kasa bambance jimlarsu da ta wani. Mai rubuta kundin digiri ya haɗa da Zotero, wadda ke ajiye sunan marubuci da shekara da mawallafi, ta kuma jera su a ƙarshen aiki bisa salon da makaranta ta nema.

Manhajoji da yawa yanzu suna naɗar murya su mayar da ita rubutu, har su taƙaita. Suna da amfani ga taro mai tsawo. Ka nemi izinin mutane kafin ka naɗi muryarsu, ka kuma bi sunaye da alƙaluma ɗaya bayan ɗaya, don nan suka fi yin kuskure. Ga ɗalibi kuwa, taƙaitawar da na'ura ta yi ba ta maye gurbin wadda ya yi da kansa, tunda a wurin taƙaitawar ne karatun ke zama.

Mataki na biyar: rarrabawa

Kada ka gina folda talatin tun ba ka da bayani talatin. Tsarin da Tiago Forte ya yaɗa, wanda ake kira PARA, folda huɗu ne kacal, kuma hikimarsa ita ce ana rarraba bayani bisa lokacin da za a yi aiki da shi. Ta farko ta ayyukan da ke da ranar ƙarewa, kamar rahoton ƙarshen wata ko jarrabawar wani kwas. Ta biyu ta nauyin da ba ya ƙarewa, irin lafiya, kuɗi, iyali. Ta uku ta abubuwan da kake sha'awar sani. Ta huɗu ma'ajiyar abin da aka gama da shi. Idan bayani ya zo, tambayar ita ce a wane aiki zan buƙace shi. Aiki na ƙarewa, sai ka tura foldarsa gaba ɗaya zuwa ma'ajiya, idonka ya huta, nema kuma zai ci gaba da ganinta.

Laƙabi kuma ka taƙaita shi, goma sun yi yawa ga mafari. Ka rubuta jerinsu a shafi ɗaya don kada yau ka sa "karatu", gobe "nazari", jibi "bita", duk kana nufin abu guda.

Ga masu bayanan ilimi akwai wata hanya da ta fi folda zurfi. Niklas Luhmann, masanin zamantakewa Bajamushe da ya koyar a Jami'ar Bielefeld, ya bar 'yan katunan rubutu kusan 90,000 lokacin da ya rasu a 1998. Kowane kati yana da lambarsa, yana kuma nuni zuwa lambobin wasu katunan da ke da alaƙa da shi. Da wannan akwati ya rubuta littattafai masu yawa da ɗaruruwan maƙaloli. Abin da shi ya yi da hannu, yau manhaja na yin sa cikin daƙiƙa: a Obsidian, idan ka buga [[ sai ka rubuta taken wani bayani, nan take an ƙulla su, kuma wancan bayanin zai nuna maka duk waɗanda suka ambace shi. Yadda za ka fara shi ne, tunani ɗaya a shafi ɗaya, da kalmominka. Kafin ka rufe shafin, ka tambayi kanka wane tsohon bayani ne wannan ke goyon baya, ko yake saɓa wa. Ka ƙulla su, ka rubuta rabin layi na dalilin ƙullin. Ƙulli biyu masu dalili sun fi ashirin da aka yi don ado. Wanda buƙatarsa bayanan taro ne da tunatarwa, wannan hanyar ba dole ba ce a gare shi, kada ya ɗora wa kansa.

Mataki na shida: bitar mako

Ware minti ashirin sau ɗaya a mako, rana ɗaya, lokaci ɗaya, ka sa a kalanda. Buɗe "Sabbi" ka bi su daga sama. Kowane bayani ɗayan huɗu ne: a goge shi, a mayar da shi aiki mai rana, a gyara takensa a kai shi foldarsa, ko a sake rubuta shi da kyau a ƙulla shi da 'yan'uwansa. Kada ka ji nauyin gogewa. Yawancin abin da aka yanko daga intanet ba a sake buɗe shi, kuma tarinsa ne ke binne mai amfanin. Kafin ka tashi, foldar ta zama wayam.

Tun a 1885 Hermann Ebbinghaus ya nuna cewa mantuwa ta fi gudu a sa'o'in farko bayan koyo, sannan ta lafa. Shi ya sa bitar ranar farko ta fi kowace muhimmanci. Abin da dole sai an haddace shi, kamar ma'anonin kalmomi, ƙa'idojin lissafi ko sunayen magunguna, ka ɗauki tambayoyin gidan hagu na Cornell ka zuba su a Anki, manhajar bitar hadda. Tana dawo maka da kowace tambaya ne bisa yadda ka amsa ta: wadda ta ba ka wuya ta dawo da wuri, wadda ka iya ta jima ba ta dawo ba.

Mataki na bakwai: tsaro da kwafin ajiya

Daidaita bayanai tsakanin na'urori daban yake da kwafin ajiya, kuma mutane na rikita su. Idan ka goge bayani a waya bisa kuskure, daidaitawar za ta goge shi a kwamfuta ma. Kwandon shara na manhaja kuma yana da wa'adi: kwana 7 a Keep, 30 a Apple Notes, 60 a OneNote. Saboda haka sau ɗaya a wata ka fitar da komai. Bayanan Keep ana sauke su ta Google Takeout, shafin Google na sauke kwafin bayananka. Notion tana fitarwa da Markdown ko PDF. Evernote tana ba da fayil ɗin ENEX, wanda Joplin ke karɓa kai tsaye. Na Obsidian kuwa kwafe foldar kawai za ka yi. Ka ajiye kwafi ɗaya a filash ko wani faifai na waje, ɗaya kuma a wata ma'ajiyar intanet da ba ta kamfanin manhajar ba.

Kunna tabbatarwa mai mataki biyu, wato a nemi wata shaida ta biyu bayan kalmar sirri kafin a shiga, a asusun da bayananka ke ciki, domin wanda ya shiga imel ɗinka ya shiga littafinka. Kalmomin sirri, lambar katin banki da hoton takardun shaida ba wurinsu ba ne shafin bayanai na yau da kullum. Akwai manhajojin da aka yi musamman don ajiyar kalmar sirri, irin su Bitwarden. Sirrin wurin aiki, ko bayanin marar lafiya ko na abokin hulɗa, kada ka zuba shi a asusunka na ƙashin kai sai ka san ƙa'idar wurin aikinka ta yarda. Idan ka raba wani shafi da mutane ta hanyar adireshi, ka koma ka rufe shi bayan an gama aikin, don duk wanda adireshin ya faɗa hannunsa zai iya buɗewa.

Bayan ka fitar da kwafin farko, kada ka tsaya a ganin fayil ɗin ya sauka. Buɗe shi a wata na'ura dabam, ka zaɓi bayanai uku ko huɗu, ka tabbatar rubutun ya fito daidai, haruffa masu lanƙwasa ba su rikiɗe sun zama wasu alamomi ba, hotunan da ke ciki ma sun biyo. Idan wani abu ya ɓace a hanya, ka sauya siffar da kake fitarwa da ita, ka sake gwadawa a ranar.